Gwauruwar da Ta Ƙi Babbar Mota

Akwai wata mace gwauruwa a wani ƙaramin gari, sunanta Afiniki. Nas ce, tana aiki a babban asibitin birni, a ɗakin da ake jinyar jarirai bakwaini. Tsakanin garinsu da birnin akwai tafiya mai nisa a kan tagwayen hanya, inda tireloli da tankokin mai suke gudu kamar ana korarsu. In an sauka daga kwalta kuma sai a bi wata hanyar ƙasa zuwa ƙofar gidanta. A tsakiyar hanyar ƙasan akwai wani kwari, da rani ramuka, da damina laka.

Mutane sun sha ce mata ta koma birni da zama. Amma gidan nan mijinta Barnaba ne ya gina shi da guminsa, 'ya'yanta mata suna makaranta a garin, tsohuwarta kuma ba ta iya zaman birni. Don haka ta zauna, kullum tana tafiya tana dawowa.

A kan wannan hanya ce Barnaba ya rasu. Motar haya ya shiga, taya ta fashe, motar ta wuntsila. Bayan an gama makoki Afiniki ta koma aiki, kuma irin motar da ta kashe mijinta ita take shiga safe da yamma. A cusa su a baya kamar buhuna, direba ya tsaya nan ya ɗauki fasinja, ya tsaya can ya ƙara ruwa a inji. Wata rana ta isa da wuri, wata rana ta isa rana ta take. Jarirai kuwa ba su san uzuri ba. In lokacin ba su madara ya yi, ya yi ke nan.

Ran nan shugabarsu ta kira ta gefe, ta ce, “Afiniki, ban da wadda ta kai ki iya riƙon yaran nan. Amma 'yar'uwarki ba za ta kwana tana aiki ba, gari ya waye kuma ta zauna jiranki. Ko ki riƙa zuwa a kan lokaci, ko in ba wata ɗakin.”

Afiniki ba ta yi gardama ba, gama ta san gaskiya aka faɗa mata. Ta dawo gida ta yi addu'a, ta ƙudura a ranta za ta sayi mota da abin da ta daɗe tana tarawa. Tuƙi ba baƙonta ba ne. Barnaba ya koya mata a tsohuwar motarsu kafin motar ta lalace, lasisinta kuma yana nan.

Ta san hanyar nan kamar yunwar cikinta. Tun tana zama a matse a bayan motar haya take kallon abin da ke wucewa. Ta ga ƙananan motoci masu kwanciya ƙasa suna gurzar ciki a ramuka, har mai ya tsiyaye. Ta ga manyan jif-jif kullum bakinsu yana gidan mai. Ta tambayi abokan aikinta masu zuwa daga nesa, kowa ya faɗa mata abin da ya sha. Sai zuciyarta ta tsaya a kan ƙaramar jif, wadda take da tsawon ƙafar da za ta haye kwari, ba ta zuƙar mai, kujerarta ba ta karya baya, kayan gyaranta kuma ana samu a kowane gareji.

Kamar yadda ya kamata, ta je ta sanar da wan mijinta, Dattijo Irimiya. Shi ne babba a gidansu Barnaba, dattijo ne kuma a ikkilisiya, mutum ne da in ya yi magana ba a cika mayar masa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya kira ta da sunan 'yarta ta fari, ya ce, “Maman Kyauta, hanyar da ta cinye ƙanena ita za ki hau ke kaɗai?”

Ta ce, “Baba, ai kullum ina kanta. Bambancin kawai, yanzu ba ni ke riƙe da sitiyari ba.”

Ya girgiza kai. “To, in ya zama dole, ki bar mini maganar. Sayen mota ba aikin mata ba ne.”

“Baba, ƙarama nake so. Na riga na duba...”

Ya ɗaga hannu. “Na ce ki bar mini.”

Dattijo Irimiya ba mugu ba ne. Tsoro yake ji da gaske, yana ganin in mota ta cika girma babu abin da zai taɓa na cikinta. Amma akwai wani abu kuma a ƙarƙashin tsoron. Gidansu ba a taɓa ajiye babbar mota ba. Ya fara hango kansa a gidan gaba, ana zuwa biki, ana zuwa jana'iza, ana zuwa babban taron ikkilisiya, mutane suna juyowa suna tambaya, “Ta gidan wa ce wannan?”

Wata ranar Asabar ya aika mata ta same shi a filin sayar da motoci a bakin birni. Da ta sauka daga motar haya sai ta hango shi. Ba shi kaɗai ba ne. Ga dattawan ikkilisiya, ga matan zumunta da anko, ga dangin mijinta. A tsakiyarsu an ajiye wata baƙar jif, ƙatuwa, an wanke ta tana walƙiya. Da matan suka hango Afiniki sai suka rangaɗa guɗa.

Dattijo Irimiya ya tarye ta da fara'a. Ya ce, “Ga motarki. Mun gama magana da dillali, hannu kawai za ki sa. Direba ma na samo miki. Zo a yi addu'a.”

Dillalin yana ta zagaya motar yana buga jikinta. “Hajiya, au, Madam, wannan in kika shigo hanya kowa sai ya kauce. Ko 'yan sanda sai sun sara miki.”

Afiniki ta dubi fuskokin mutane, duk suna murna dominta. Wasu sun bar gonakinsu, wasu sun rufe shago. Ta ji kamar ta yi shiru ta karɓa, a tashi lafiya. Kalma ɗaya ce, “Na gode,” shi ke nan kowa ya koma gida da farin ciki.

Amma ta ce, “A ba ni makulli in zauna a ciki.”

Ta hau da ƙyar. Ta jawo kujera har ƙarshe, duk da haka sai da ta miƙe yatsun ƙafa kafin ta taɓa birki. Ta duba gaba, ba ta ganin inda hancin motar ya ƙare. Ta leƙo ta tambayi dillalin, “Yaya shan manta?”

Ya yi dariya. “Madam, mai irin wannan mota ai ba ya tambayar mai.”

Ta ce, “Ni kuwa ina tambaya, domin ni zan zuba.”

Ta sauko, ta rufe ƙofa a hankali, ta miƙa masa makullinsa. Ta juya wajen wan mijinta, ta rusuna, ta ce, “Baba, na gode da wahalar da ka sha. Amma ba zan sayi motar nan ba.”

Wata mata da ta buɗe baki za ta fara waƙa ta rufe.

Dillalin ya ga ciniki zai kuɓuce, ya yi maza ya ja ta wajen wata jar mota, 'yar ƙarama, mai kwanciya ƙasa, tana ƙyalli kamar alawa. Ya ce, “Na gane, babbar ta yi miki nauyi. Ga ta mata nan. Laushi kamar kina kan gado.”

Afiniki ta sunkuya ta dubi cikin motar, tazararsa da ƙasa bai fi tafin hannu ba. Ta ce, “Wannan ranar da aka yi ruwan farko a kwarinmu za ta kwana.” Ta miƙe ta nuna can gefe, inda wata ƙaramar jif mai ruwan toka take tsaye, ba a ko wanke ta ba. “Waccan za ka ba ni in gwada. Kuma ba a cikin filin nan ba, a kan babbar hanya.”

Ya ce, “Haba Madam, ba ma fitar da mota. Ki zagaya nan ciki, ya isa.”

Ta ce, “Ba a filinka zan riƙa zuwa aiki ba. In ba za ka bayar ba, ga wani fili can a tsallake.” Ta gyara jakarta a kafaɗa ta fara tafiya. Sai ya bi ta da makulli.

A nan ne Dattijo Irimiya ya sha gabanta. Idonsa ya yi ja. Ya ce, “Maman Kyauta, ni za ki kunyata a gaban jama'a? Na tara miki mutane, na zaɓa miki abin da zai tsare ranki ya kuma ɗaukaka sunan gidanmu, ki ce wancan akwatin kike so? Da ƙanena yana da rai, za ki yi haka?”

Maganar ta soke ta. Hawaye ya cika mata ido, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, “Baba, da ƙanenka yana da rai, da shi zai zauna a gefena mu gwada ta tare. Yanzu ba ya nan. Ina da tambaya ɗaya, ka gafarce ni. Duk mutanen nan da suka zo, ranar Litinin da sassafe wa zai shiga motar tare da ni? Wa zai tsaya a layin mai? In direban da ka samo ya ce yau ba shi da lafiya, wa zai je ya ba yaran nan madara? Ni ce. Ni kaɗai ce a kan hanyar nan, ni da Allahna. Ranar biki kuna iya ɗaukar shatar mota, ni kuwa kullum ce tawa. Ba zan sayi mota saboda masu kallo ba.”

Ya ce, “In kika shiga motar nan, babu hannuna a cikin al'amarinki.”

Ta ce, “Kai ubana ne, yau da gobe. Amma zan shiga.”

Ta buɗe ƙofa ta zauna. Ƙafarta ta sami birki ba tare da miƙewa ba, bayanta ya zauna daidai, madubai suka nuna mata ko'ina. Dillalin ya shiga gefenta yana gunaguni. Tana shirin tashi sai ƙofar baya ta buɗe. Mama Saraya ce, wata tsohuwa daga matan zumunta, ita ma gwauruwa. Ta zauna ta rungume jakarta, ta ce, “Mu je, 'yata. Ni dai ina son shan iska.”

Suka hau tagwayen hanya. Da fari Afiniki ta bi gefe a hankali, tana sauraron inji, tana taɓa birki ta ji yadda yake kamawa. Sannu sannu ta ƙara wuta. Motar ba ta rawa, ba ta ja gefe, iskar manyan motoci in sun wuce ba ta kaɗa ta.

Sai suka doshi wurin da Barnaba ya rasu, wata kwana mai gangara. Kullum in motar haya ta kawo nan, Afiniki rufe ido take yi. Yau ba damar rufe ido. A gabanta wata tirela ce tana tafiyar hawainiya tana zuba hayaƙi, a bayanta kuma wata tanka ta matso tana danna hon kamar za ta hau kanta. Dillalin ya ce, “Madam, ki sauka gefe! Ki tsaya!”

Ba ta tsaya ba. Ta duba madubi, ta ga ɗaya layin babu kowa, ta ba da hannu, ta taka totur. Motar ta amsa nan take. Suka bi gefen tirelar, tayoyinta suna juyawa daidai kunnensu, har suka sha gabanta, hanya ta buɗe fili. Afiniki ta wuce kwanar nan idonta biyu. Ta ga ashe akwai wata bishiyar ɗorawa a wurin, ba ta taɓa sani ba.

Daga kujerar baya Mama Saraya ta ce, “Yawwa.”

Dillalin ya share goshi, ya ce to a juya haka nan. Afiniki ta ce, “Saura kwari.” Ya yi magiya, ya ce man da ke ciki nasa ne, ya ce ana jiransa. Ta kai shi har garinsu, ta sauka daga kwalta, ta shiga hanyar ƙasa. A kwarin ta rage gudu, ta sa motar a ramuka ɗaya bayan ɗaya, tana kasa kunne ko ciki zai taɓa ƙasa. Bai taɓa ba. Suka haye, ta juya a ƙofar gidanta, suka koma.

Da suka iso filin babu kowa. Jama'a sun watse, baƙar jif tana tsaye ita kaɗai. Afiniki ta kai ƙaramar wurin bakanike ya duba ta ciki da waje, ta biya, ta mayar da Mama Saraya gida. Tsohuwar ce ta ɗora hannu a kan motar ta yi mata addu'a, su biyu kawai a bakin zaure.

Kada ku yi tsammani daga nan komai ya yi daɗi. Dattijo Irimiya ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Dangi suka yi ta magana, wai kuɗi ya sa ta raina manya. A harabar majami'a wasu suka sa wa motar suna, suna kiranta Taurin Kai. Da labarin ya kai kunnenta ba ta yi fushi ba, sai ta karɓi sunan. In an tashi sujada takan ce wa 'ya'yanta da ƙarfi, yadda kowa zai ji, “Ku zo mu tafi, Taurin Kai tana jira.”

Hanyar ma ba ta rage tsawo ba. Ta yi faci, ta sha cunkoso a bakin birni, akwai ranakun da take dawowa kafaɗunta kamar an yi mata duka. Amma tana isa a kan lokaci. Damina ta zo, kwari ya cika da laka, ta haye. Ɗakin bakwaini bai fita daga hannunta ba, kuma akwai yara da yawa da suke gudu a tsakar gidajensu yau waɗanda ta riƙe a tafin hannu suna numfashi da ƙyar.

Dattijo Irimiya kuwa har yanzu bai taɓa shiga motar ba, bai kuma taɓa cewa ta yi daidai ba. Kowace Lahadi Afiniki tana zuwa ta durƙusa ta gaishe shi. Yanzu yana amsawa, a taƙaice. Ita kuma ta tashi, ta karkaɗe gwiwa, ta ciro makullinta.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Doguwar hanyar nan ita ce zaman mai bi a duniya, ba na ranar Lahadi kaɗai ba, na kowace rana, da ramukanta da manyan motocinta da wuraren da suke tuna maka baƙin ciki. Mota kuwa ita ce irin bangaskiyar da ka ɗauka don wannan tafiya.

Akwai bangaskiyar da aka yi ta domin ido. Babba ce, tana walƙiya, in ka shigo da ita majami'a kowa sai ya juyo. Tana da dogayen addu'o'i a gaban mutane da manyan alkawarai da kujerar gaba. Amma ƙafarka ba ta kai birkinta, wani ne yake tuƙa maka ita, kuma za ta shanye ƙarfinka kaf wajen riƙe suna. Akwai kuma mai laushi, wadda take gaya maka bin Ubangiji babu wahala a ciki. Wannan ranar da cuta ko rashi ko tsanani ya zo, a nan za ta bar ka. Wadda za ta kai ka ba lallai ta burge kowa ba. Ita ce wadda ka gwada a kan hanya, a wurin da kake tsoro, ka ga ta amsa.

Ku lura da kyau, Dattijo Irimiya ba maƙiyi ba ne, jama'ar nan ma ba maƙiya ba ne. Da maƙiya ne, da ƙin su bai yi wuya ba. Masu ƙaunarka ne za su kewaye ka, su yi maka guɗa, su ce ka karɓi aikin nan ko da akwai cuta a cikinsa, ka shiga ƙungiyar nan don gidanku ya yi suna, ka yi shiru a kan wannan laifi don kada a ji kunya. Za su ce don amfaninka ne, wataƙila ma har zuciyarsu haka suke gani. Amma ba su za su amsa a gaban Allah a madadinka ba.

Ku matasa, kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa raina manya. Afiniki ta je ta sanar, ta durƙusa, ta yi godiya, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma daina gaisuwa ba. Ladabinta yana nan cif. Abin da ta ƙi shi ne ta miƙa lamirinta don a yi mata tafi. Kada kuma ku jira ranar da za a zo a ce muku kun yi daidai. Mai yiwuwa ranar ba za ta zo ba a wannan duniya, kuma ba domin ita kuka tsaya ba.

Saboda haka in an taru a kanka ana murna, zuciyarka kuwa ta san abin nan ba zai kai ka gida ba, ka rusuna, ka yi godiya, ka ce a'a. In sun sa maka suna, ka amsa. Ubangiji ya ba mu irin wannan taurin kai. Amin.